Coci Biyu, Masallaci Guda, Rijiya Ɗaya

Mu dai a ƙauyenmu ba a tambayar ƙarfe nawa da asuba. Ladan ne ke fara kira daga masallacin bakin kasuwa. Kafin a idar da salla sai ka ji Malam katakis ya doki tsohon ƙarfen tayar mota da muka rataye a reshen darbejiya, shi ne ƙararrawarmu ta addu'ar safe. Can tsallaken rafi kuma 'yan cocin ECWA su buga tasu. Wanda duk bai motsa ba bayan waɗannan ukun, sai a tura yaro ya leƙa shi, don ƙila zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ƙauyen ɗan ƙarami ne, a ƙasar Zazzau ta wajen Giwa, kuma manoma ne mu gaba ɗaya: masara, dawa, waken soya, barkono, ga rake a fadama. Coci biyu gare mu, masallacin Juma'a guda, rijiyar da ba ta ƙafewa da rani kuwa ɗaya ce tak, a bakinta ake jin labarin duka ukun.

Baƙo in ya sauka wurinmu ranar Lahadi, ya ga maza cikin babbar riga da hula, mata da mayafi, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata, tambayar da yakan fara yi ita ce, "Wai ku Hausawa ne kuwa?" Gwaggo, wadda ta daɗe tana riƙe da Zumuntar Mata, ita ke da amsar. Takan ce, "Ɗana, zauna ka sha fura tukuna. In ka ji wani yare a bakina ban da wannan, sai ka gaya mini sunansa." Kakanninmu Maguzawa ne, masu noma da ƙarfi, masu yanka a gindin kuka da dutse. Da zamani ya juya, wasu gidaje suka shiga Musulunci, wasu suka karɓi bishara, wani gidan ma ya rabu biyu, wa a masallaci, ƙane a coci. Shi ya sa Limamin garin nan ɗan wan mahaifina ne. Ni ina ce masa Yaya Malam, shi yana kirana da sunan da kakarmu ta laƙaba mini, gonakinmu kuma iyaka ɗaya. Haka muka tashi muka tarar, haka muke zaune.

In hira ta gangaro kan tarihi, sai kowa ya bar wa Baba Dattijo fili, don shi ya yi karatu a Wusasa yana yaro, Wusasa kuwa ita ce uwa gare mu 'yan Anglika na wannan yanki. Yakan faro daga 1900, shekarar da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya biyo ayarin Bishop Tugwell har Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. A 1905 Likita ya samu zama cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, yana ba da magani yana koyar da yara. Daga nan sai Baba ya rage murya, don ya zo kan Isawa. Su ne almajiran Malam Ibrahim, wani malami da ya riƙa ɗaukaka Annabi Isa cikin karatunsa har aka kashe shi a Kano a ƙarni na 19, mabiyansa suka watsu wajen Ningi da ƙauyukan da ke tsakani. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Likita da ƙafarsu, suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Aka kafa musu gari a Gimi, suka yi gonaki da makaranta da ɗakin sujada, sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu ya kwashe mutane da yawa, garin ya watse. "Da waɗanda suka saura aka ci gaba," in ji Baba. "Mishan ta bar cikin birni ta koma Wusasa, a 1929 aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak. Tana nan tsaye har gobe. Ku je ku gani da idonku, 'ya'yana."

Ba ya tashi sai ya lissafa 'ya'yan Wusasa ɗaya bayan ɗaya. Likita Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ga babban asibiti a Kaduna da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya yi ministan harkokin waje. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, a Wusasa ya tashi ya yi firamare kafin ya riƙe ƙasar nan shekara tara. Malam John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Sai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa da ya fito a 1932, da asibitin St. Luke, da kwalejin St. Francis inda ake horar da limamanmu, da dayosis ɗin Wusasa da aka kafa a 1997.

Nan ne Gwaggo ke tare shi. "Yaya, ka ƙirga manya ka gama. To wa ya ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin? Wa ya tuƙa wa 'yan makarantar tuwo har suka zama likitoci?" Baba yakan yi murmushi ya ce, "Ku ne, ƙanwata, ku ne." Ni kuwa a wannan magana ina bayan Gwaggo ɗari bisa ɗari. Muna alfahari da manyanmu, amma abin da ya riƙe coci a ƙauye irin namu shi ne kowa yana da aikin da ake jiransa da shi, kuma ya san in bai yi ba babu mai yi.

Ga yadda Lahadinmu take. Tun yammacin Asabar 'yan mata ke share ciki da waje su yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, samari su jera bencina. Gidan da layi ya zo kansu su aika wa Malam katakis tuwon dare, don ya samu natsuwar shirya wa'azi. Rabaran yana da ƙauyuka da yawa a wuyansa, sau ɗaya a wata yake zuwa a kan babur ya ba da Jibin Ubangiji, ya yi wa jarirai baftisma. Sauran Lahadi Malam ne ke bi da mu cikin Littafin Addu'a. Maza suna dama, mata suna hagu, yara a gaba kan tabarma, wani dattijo a gefensu yana tsawata musu da ido. Tsofaffinmu har yanzu a bakin ƙofa suke tuɓe takalmi, don tun cocinmu yana da rufin ciyawa haka ake yi. Karatun farko kullum ɗan makaranta ake ba wa, in ya yi tuntuɓe a wata kalma sai ka ji murya uku daga bayan coci sun ɗora shi a kan hanya, don akwai tsofaffin da surorin nan suka zauna musu a ka.

Amma wurin da za ka san mu sosai shi ne lokacin sanarwa. A nan ake jin wadda ta sauka lafiya, da wanda aka kwantar a asibitin Shika, da wanda iska ta yaye wa rufi, da yaron da ya ci jarrabawa kuɗin makaranta ya gagara. Ba a rufe wata sanarwa sai an ce, "To, su wa za su je?" Sai a ga hannuwa. Mutum uku na dubiya, mutum biyar na gyaran rufi, a rubuta sunaye, Lahadi ta sama kuma a tambaye su a gaban jama'a ko sun je. Baiko kuwa da rawa muke kai shi, layi-layi, wani da naira, wata da ƙwai uku a ƙoƙo, wata da mudun gero. Ma'aji ba ya ƙirgawa shi kaɗai, sai da shaidu biyu, a rubuta a allon bango kowa ya gani. Wannan allon ya hana rigima da yawa a garin nan.

Zumuntar Mata kuwa sai an zauna a yi maganarta da kyau. Ran Talata da yamma suke taruwa, ran biki su fito cikin anko, da tulun da ake bugawa a baki, da caki, da kuge, da ganga. Yawancin waƙoƙinsu su ke tsara abinsu, wata ta ɗauko labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ko na Rut da surukarta, ko haƙurin Ayuba, ta zuba shi cikin karin waƙar daka ko ta niƙa, sauran su amsa. Da haka matar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san Littafi tun daga Farawa. Suna da adashi, suna da asusun jinya. Suna kuma da wata al'ada da nake ƙauna ƙwarai: duk sanda mace za ta ɗora tukunya, sai ta ɗebi tsaba cikin hannu guda ta zuba a wata ƙwarya daban. Ƙarshen wata a haɗa, sai ga buhu. Da shi ake duba gwauraye da marayu. In aka yi haihuwa, su ne masu kai itacen wankan jego da kunun kanwa, kuma ba sa tambayar ko gidan na masu zuwa coci ne. Gwaggo takan ce wa sababbin amare, "'Yar nan, zumunta a ƙafa take. Wadda ba ta taka ta je gidan wata ba, kada ta yi kuka ran da ta waiga ba kowa a ƙofarta."

Sai 'yan'uwanmu na tsallaken rafi. Su tushensu mishan ɗin SIM ne, wanda mutum uku, Gowans da Kent da Bingham, suka fara a 1893, biyu suka mutu a tafiyar farko, Bingham kaɗai ya saura. A 1954 ikilisiyoyin da mishan ɗin ya kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Wanda ya kawo musu bishara nan wani mai wa'azi ne da ya yi karatu a makarantar Baibul ta Tofa a ƙasar Kano, ya zauna yana noma da safe yana koyar da karatu da yamma. Kawu, dattijonsu, ba ya haɗuwa da Malam katakis a gindin darbejiya sai sun taɓa maganar baftisma. "Malam, ku da kuke zuba wa jariri ruwa a goshi, yaushe ya ce muku ya ba da gaskiya?" Malam ya ce, "Kawu, iyayensa ne suka ɗaukar masa alkawari. In ya girma zai durƙusa gaban Bishop ya maimaita da bakinsa, a ɗora masa hannu." Kawu ya girgiza kai ya ce su dai sai mutum ya mallaki hankalinsa, a kai shi rafi bayan damina a nutsar da shi gaba ɗaya. Shekara da shekaru suna wannan muhawara, ba wanda ya ja wani, kuma kowannensu da gaske yake. Amma makabartarmu ɗaya ce, mawaƙanmu tare suke tsayawa ran aure, in 'yan ƙungiyar Sabon Rai za su fita wa'azi ƙauyukan kewaye ba a tambayar ɗan wace coci ne kai. Yarinya ta tashi a Anglika ta yi aure a ECWA, uwarta ta raka ta da guɗa.

Akwai kuma abin da ba mu gama warwarewa ba, ba ma ɓoye shi. Muna da tsoho da ya karɓi bishara yana da mata biyu, kowace da 'ya'yanta. Dattawa ba su ce ya saki ɗaya ba, don sun tambayi kansu ina za ta je da girmanta. Amma ba ya zuwa teburin Jibi, a bencin baya yake zama, alhali ran aikin gayya shi ke riga kowa isa gona. Duk sanda na ga mutane sun tashi zuwa teburi shi yana zaune ya sunkuyar da kai, abin yana taɓa ni, na kuma san yana taɓa Malam. Haka maganar giya, wadda kakanninmu ba sa biki ko gayya sai da ita. Coci ta hana, gidaje da yawa sun huta da faɗa da bashi saboda haka, amma akwai waɗanda har yanzu take ja. Ba ma korarsu. Dattawa biyu ake turawa su zauna da mutum a zaurensa, su koma, su sake komawa.

Da damina addininmu gona yake komawa. Kafin shuka kowane gida yakan kawo ɗan iri a ƙoƙo a yi addu'a a kai. In ruwa ya ɗauke, mu mu taru a coci da azumi, su Yaya Malam su fita filin idi roƙon ruwa, ran da hadari ya haɗo kuma ba wanda ke cewa addu'ar wane ce aka amsa, kowa godiya yake yi. Coci tana da gonarta, da gayya ake nome ta, noman fari da maimai, matasa a kan kunya, mata da kunu da ɗanwake a bakin gona. Abin da aka girbe rumbun coci yake shiga, ba a buɗe shi sai Agusta, lokacin da rumbunan gidaje suka yi ƙasa sabon hatsi kuma bai nuna ba. A watan nan ne ake gane amfanin ikilisiya. Mace ta zo da dare da ƙwaryarta a rufe, a auna mata, ba mai jin sunanta sai ma'aji da Malam.

Ran godiyar kaka kuwa, wajen Nuwamba, sai ka rasa inda za ka taka a coci. Damman dawa a jingine da bango, buhunan masara, kabewa, rake, barkono, kaji an ɗaure musu ƙafa, wani lokaci har ɗan akuya yana kuka ana wa'azi. Gida-gida ake kira, maigida a gaba da zakkar gonarsa, iyali a baya suna waƙa. Bayan sujada a yi gwanjo a waje, Musulmin gari ma su zo saye, sau da yawa su ne ke ɗaga farashi don sun san inda kuɗin za shi. Da shi ake biyan Malam, a sayi kwanon rufi, a tura yaro ko biyu makaranta.

Kirsimeti kuma na gari ne duka. Tun watanni kafin lokacin ake zuba kuɗin watanda, a sayi sa, a raba kashi-kashi. Mahaucin garin, Musulmi, shi muke kira ya yanka, don mu tabbata babu gidan da za a kai wa nama a yi shakkar ci. Da hantsi sai ka ga yara da sababbin kaya suna ratsa lunguna da kwanonin shinkafa da miya da cincin, rabin kwanonin nan gidajen Musulmi za su. Kwano kuma ba ya dawowa wayam, ko gyaɗa ce sai an zubo. Da azumi mu ke aika musu sukari da ƙanƙara in an samu, matanmu kuma ba sa cin abu a bakin rijiya a gaban mai azumi. Ran babbar Salla naman layya har ya ishe mu. Yaya Malam da kansa yake aiko mini da cinya, ya ce wa yaron, "Ka ce wa ƙanena kada ya ba kowa, wannan tasa ce." Ran Litinin ta bayan Ista mu hau dutsen bayan gari, abin da muke kira zuwa Galili, da abinci da ganguna, 'ya'yan maƙwabta su biyo mu a ci tare. Ba mu taɓa ce musu su shiga sujadarmu ba, su ma ba su taɓa ce mana mu bi su salla ba. Kowa ya san inda iyakarsa take, yana kuma girmama ta ɗan'uwansa.

Ran mutuwa ne ba ka iya rarrabe mu. Samarin gari duka ke haƙa kabari, ba a duba na wane ne. In namu ne, su tsaya daga gefe har mu gama addu'a, sa'an nan su sa hannu a mai da ƙasa. In nasu ne, mu tsaya har a sallaci gawa, mu bi su makabarta. Zaman makoki tabarma ɗaya ce, gaisuwar ma ɗaya ce: Allah ya ji ƙai, Allah ya ba da haƙuri.

Ba wai ba mu san wuta ba. A watan Maris na 1987, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona majami'u da yawa. Iyayenmu suna ba da labarin yadda labari ya iso ƙauyen nan da yamma, kowa ya shiga gida ya rufe ƙofa, sai dattawan ɓangarorin biyu suka fito suka shimfiɗa tabarma a bakin hanyar shigowa gari, suka kwana a zaune tare, don duk baƙon da ya zo da mugun nufi ya tarar da su a haɗe. Ba abin da aka taɓa a garin nan. A 'yan shekarun nan kuma masifar 'yan bindiga ce ta addabi ƙasar Giwa da Birnin Gwari, su kuwa ba sa tambayar addinin mutum kafin su kore masa shanu ko su ɗauke masa ɗa. Saboda su muka daina kwanan addu'a na daren sabuwar shekara, muka mai da shi la'asar. Gonakin nesa da yawa sun koma saura. Samarinmu da nasu tare suke sintiri, in aka ɗauke mutum kuma, a coci da masallaci ake haɗa abin da za a haɗa. Wahalar nan ta ƙara nuna mana cewa wanda zai fara jin ihunka da tsakar dare shi ne wanda katangarku ɗaya.

Abin da ya fi damun mu yanzu, in mun zauna da yamma, ba daga waje yake ba. Yaranmu suna tafiya Zariya da Kaduna da Abuja, karatu da neman abinci, kuma muna sa musu albarka. Amma wasu in sun dawo hutu sai ka ga Littafin Hausa yana yi musu nauyi a baki, sun fi sakewa da na Turanci. Wata jikar Gwaggo ta ce mata a cocinsu na birni ba a waƙa da tulu, sai da jita da lasifika. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, ku yi da jitarku, Allah yana ji. Amma ki zo in koya miki bugun tulu, don ran da za a binne ni da shi nake so a raka ni." Ba mu ƙi Turanci ba, Wusasa ma da boko ta yi suna. Sai dai mutum yana kuka da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi, kuma da shi ya fi sanin abin da yake faɗa wa Mahaliccinsa. In sujada ta koma harshen da tsohuwa ba ta ji, an fitar da ita daga coci tana zaune a ciki. In kuma muka bar Hausa, mun ba da hujja ga masu cewa bishara kayan baƙi ce, alhali mutanen Gimi da suka mutu a kanta Hausa suke yi.

Akwai kuma wani sabon abu da wayar hannu ta kawo. Yaro yana zaune a ɗakin uwarsa yana sauraron wani mai wa'azi daga nesa, na coci ko na masallaci, wanda bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba, yana gaya masa kada ya ci abincin maƙwabcinsa. Bara wani yaro ya mai da kwanon Kirsimeti, wani namu kuma ya ƙi karɓar naman layya. Ba a yi hayaniya ba. Yaya Malam ya kira nasa, Malam katakis ya kira namu, aka zaunar da su gaban Baba Dattijo ya lissafa musu kakanninsu har ya kai su ga mutum ɗaya. Amma mun gane cewa abin da muka ɗauka gado ne da ba ya taɓuwa, ashe sai ana koyar da shi da baki, ana kuma nuna shi da aiki.

Ginin cocinmu na ƙasa ne, rufin kawai muka sauya zuwa kwano. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi masa yaɓe, in aka tsallake shekara biyu damina za ta fara cin gindinsa. Zaman da muke yi da juna ma haka yake, da na cikin coci da na tsakaninmu da masallaci: ba a gama shi sau ɗaya a huta. Magininmu Musulmi ne, ubansa ne ya ɗora harsashin ginin, kuma bai taɓa karɓar ladan yaɓen coci ba, kamar yadda samarinmu ba sa karɓar ko sisi in ana gyaran masallaci.

Don haka a zaman da dattawa da Zumuntar Mata suka yi bayan godiyar bana, an tsai da abu uku. Kowace Laraba da yamma Malam zai buɗe ajin karatun Hausa, na yara da manya, ɗan kowane gida ne ya zo. 'Yan makarantar da ke da waya za su zauna da tsofaffin mata su ɗauki waƙoƙinsu, a rubuta su a littafi tun masu su suna da rai. Sa'an nan duk ɗan garin nan da ke birni, saƙo gare ku: kuɗin da kuke aikowa yana isowa, mun gode, Allah ya ƙara buɗi, amma ƙafarku muke so. Ku turo mana yara su yi hutun damina a nan, su riƙe fartanya a gonar coci, su kai kwano gidan Liman, su san wanda za su ce wa Kawu da wadda za su ce wa Gwaggo. Gayyar yaɓe kuma Asabar ta biyu ce bayan Ista. Maza su zo da shebur da kwando, mata da tulu, fura da ɗanwake suna wuyan Zumuntar Mata, kuma da sanyin safiya za a fara kwaɓi.